Dawar Da Na Ciza A Hambog

Ranar da na sauka a Hambog, katafaren birnin nan na ƙasar Jamus mai tashar jiragen ruwa, mutum goma sha ɗaya na gaida babu wanda ya amsa. Na ƙirga su ne saboda abin ya ɗaure mini kai. A garinmu Ɗansoshiya, ta ƙasar Kiru, ko akuya ka wuce ba ka ce mata komai ba sai ta bi ka da kallo. Nan kuwa ga mutane kamar ƙasa a tashar jirgin ƙasa, kowa ya tsuke fuska yana sauri, ni kuma ina tsaye da akwati da takardar adireshi a hannu, na kasa gane ko sama zan hau ko ƙasa zan gangara. Sau biyu ina shiga jirgi yana dawo da ni inda na taso.

Sunana Nafi'u, noma na karanta a jami'a. Abin da ya kai ni can shi ne horon sanin makamar aiki a wata cibiyar adana iri, inda ake tattara irin hatsi daga ƙasashen duniya, a busar da shi, a rufe a ɗakin sanyi don kada ya ɓace daga doron ƙasa. Sau uku ina nema, a na ukun aka ɗauke ni. Mu takwas aka kira daga ƙasashe daban-daban, kuma tun a takardar gayyata an faɗa mana gaskiya: bayan wata uku mutum uku kawai za a riƙe su cika shekara, sauran kowa ya kama hanyar gida. Ni kuwa duk Ɗansoshiya an san shekara na tafi yi, don Innata ba ta bar gidan da ba ta kai labari ba. In na dawo a wata uku, ban san da wane ido zan kalli mutane ba.

A dawowata ta biyu na zauna kan akwatina na ce da ƙarfi, “Innalillahi! Wai ni ina ne nan?” Sai na ji an ce daga bayana, “Nan tasha ne, ɗana. Kai Bahaushe ne?” Na waiga na ga wani dattijo da hula da ledar burodi. Shi ne Alhaji Ɗanjuma, mutumin Zangon Kumasi, ya fi shekara talatin a garin, yana da ɗan kanti na kayan abincinmu a bayan tashar. Wallahi da na ji Hausa a bakinsa sai da ƙwalla ta cika mini ido. Ya karɓi takardar, ya duba, ya ce ai gaba da baya nake ta yi a layi ɗaya. Da kansa ya raka ni har ƙofar gidan da aka kama mini ɗaki, ya ce, “Baƙo ko da ido makaho ne. In ka rikice ka zo kanti.”

Na kuwa rikice. Kwandon shara huɗu ne a gidan, kowane da launinsa, kuma duk wanda na jefa wa abu sai washegari na tarar da takarda a ƙofata cewa ba nan ba ne. Rana ta ƙi faɗuwa, ƙarfe tara tana nan tsaye, waya kuma ta ce Magariba da saura. Na yi tafiya a gefen titi, masu keke suka yi ta danna mini ƙararrawa suna zagi, ashe jan layin nasu ne. Lahadi ta farko na fita sayen abinci na tarar kowane kanti a rufe, na dawo na wuni da ruwan famfo da ƙuli-ƙulin da Inna ta cusa mini a akwati, wanda a gida na ce ba zan ɗauka ba don kada a yi mini dariya.

Amma duk wannan wasa ne a kan abin da na tarar a wurin aiki. Shugabarmu wata dattijuwa ce, Dokta Ilse, mai farin gashi, ta girmi Innata nesa ba kusa ba. Da aka gabatar da ni gare ta na yi abin da aka koya mini, na rusuna har ƙasa na gaishe ta. Sai kawai na ga ita ma ta durƙusa a gabana tana lalube ƙasa, tana tambaya me na yar. Muka yi tsugune mu biyu muna neman abin da bai faɗi ba, sauran yaran suna kallo. Da muka miƙe ta ce in riƙa kiranta Ilse kawai. Na ce to, amma bakina bai taɓa iya ɗaukar sunan nan gatsal ba. Dokta na ci gaba da ce mata.

Abu biyu Baba ya ɗora ni a kai tun ina yaro, kuma da su na tafi kamar guzuri. Na farko, ba a zuba wa babba ido. Na biyu, in babba ya yi kuskure ba kai za ka gaya masa baki da baki ba, sai ka nemi wanda zai kai maganar. A gidanmu Baffa Sale, ƙanin Baba, shi ne mai wannan aiki. In taki ya yi kaɗan a gona, Baffa ake gaya wa. Ko maganar tafiyata ban taɓa zama da Baba na yi ta ba, Baffa ne ya kai, shi ya dawo da amsa. Haka muke, kuma gidanmu lafiya lau yake zaune.

To a cibiyar nan duk Litinin ana zama da safe, kuma abin da na gani ya sa na riƙa jin kunya a madadin mutane. Yaro ƙarami zai kalli tsabar idon Dokta ya ce mata ba haka ba ne. Wata yarinya ta katse ta tana cikin magana. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina rubutu, duk abin da aka ce in ce to. A raina har tausayinsu nake ji, ina cewa in an zo zaɓe ai an san wanda ya samu tarbiyya. Sati shida muna haka, rannan ta kira ni ofis.

“Nafi'u,” in ji ta, “aikin hannunka ya fi na kowa tsafta. Amma ban san ko kana fahimta ba, ko ba ka fahimta. Ba ka tambaya, ba ka musu, ba ka ma kallona. Na yi maka wani laifi ne?”

Na ce, “A'a, Dokta.” Kaina yana ƙasa.

Ta ce, “Ka gani? Ko yanzu da takalmina kake magana.”

Na fito ban san me zan yi da kaina ba. Abin da na ɗauka shi ne jarina, ashe shi ake rubuta mini a matsayin rashi. Na yi ta juya maganar a jirgi har na wuce tasharmu da tasha uku.

Ana nan sai aka kawo dawa daga ƙasashenmu na yamma, ƙananan jakunkuna goma sha biyu, kowace daga wani ƙauye. Da na buɗe ta farko na ga kaura ce, jar-rawayan nan irin wadda muke shukawa, sai na ji kamar an turo mini ɗan'uwa daga gida. Aikinmu shi ne a busar da ita a ɗakin busarwa, na'ura ta auna ta ce ta bushe, sannan a liƙe ta a leda a kai ɗakin sanyi. In da sauran danshi a cikinta aka sa a sanyin nan, ƙwayar mutuwa take yi, ko an shuka ba za ta tsiro ba. Akwai kuma doka da duk muka sa wa hannu tun ranar farko: a ɗakin gwaji ba a kai komai baki, ko ruwa ne. Wanda ya karya ana iya sallamarsa.

Ranar wata Laraba na'ura ta ce dawa ta bushe. Ina juye ta a tire a ɗakin gwaji sai kunnena ya ƙi yarda. Busasshiyar dawa tana da ƙara in ta zuba, wannan kuwa zuba take a mace. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Hannuna ne ya ɗauki ƙwaya ya jefa a baki, yadda na ga Baba yana yi a masussuka tun ban fi tsawon turmi ba. In ta bushe za ta ce ƙas, ta rabu biyu. Wannan sai ta lotse a haƙorina. Na bi jakunkunan nan ɗaya bayan ɗaya ina cizo, duk labari ɗaya ne. Sai da na gama na tuna da doka. Na watsa guntayen a kwandon ƙaiƙayi, na share baki, na duba hagu da dama.

Yanzu ga ni da magana a ciki. Na'ura ta lalace, kuma Dokta da kanta ta sa hannu cewa dawa ta bushe. In je in ce wa mai farin gashi ta sa hannu a kan kuskure? Ba a haife ni da wannan bakin ba. Sai na nemi Baffa Sale na garin. Cikinmu akwai wani Tomas, dogo mai fara'a, shi ke shan kofi da Dokta, shi ke kiranta da sunanta yana dariya. Na ja shi gefe na ce, “Don Allah ka gaya mata a hankali, in ba kowa. Dawar nan ba ta bushe ba, a duba na'urar. Ka ce Nafi'u ne ya lura.” Ya tambaye ni yadda na sani, na ce shi dai ya kai. Ya dafa kafaɗata ya ce kada in damu. Na tafi gida da sanyin rai, na sauke nauyi yadda ake saukewa.

Alhamis shiru. Juma'a aka fara liƙe dawa, aka kai jaka biyu ɗakin sanyi kafin a tashi. Ina kallo, ina ta satar kallon Tomas. Na ce wa raina wataƙila ya kai, manya ne suke nazari, ai ba a yi wa babba gaggawa.

A wannan Juma'ar kuma mai kula da ɗakin gwaji ya zo zubar da ƙaiƙayi ya ga guntayen dawa da shaidar haƙori. Nan take cibiya ta ɗauka: ɓera ya shigo ma'ajiyar iri! Aka tsayar da aiki, aka rufe ɗakin kwana uku, aka kira masu feshi da fararen kaya. Wa aka ba aikin ɗana tarko? Ni, saboda an ce ni ɗan manoma ne, na san halin ɓera. Haka na bi lungu-lungu ina ɗana wa kaina tarko, har ana yaba mini iya zaɓen wuri. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Litinin a wurin zama Tomas ya miƙe ya gyara murya. Ya ce ya yi nazari a ƙarshen mako, yana zargin na'urar awon danshi tana ƙarya. Aka ɗebi dawa aka gwada ta wata hanya, kafin azahar magana ta tabbata. Suka yi ta ƙwanƙwasa tebur da ƙashin yatsu, wanda shi ne tafinsu. Ni ma na ƙwanƙwasa, ina jiran in ji ya ce Nafi'u. Har aka tashi sunana bai fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na tare shi a matakalar bene, raina a ɓace, na ce, “Ba haka muka yi da kai ba.”

Ya buɗe ido kamar da gaske mamaki yake. Ya ce, “In kana son a san kai ne, me ya hana ka faɗa? Ofishinta a buɗe yake. Na ɗauka ba ka son maganar ne ka ba ni.”

Har yau ban iya yanke hukunci ba, cuta ta ya yi, ko kuwa a garinsu abin da ka miƙa wa mutum ya zama nasa. Abin da na sani shi ne saura kwana goma a yi zaɓe, shi yana sama, ni kuma ni ne wanda ke magana da takalmi.

Na tafi kantin Alhaji Ɗanjuma. Ya zuba mini shinkafa da wake, ya bar ni na ci, sannan na zayyana masa komai, har da ɓeran. Ya yi dariya har hularsa ta zame. Da ya nutsu ya ce, “Ɗana, Baffanka yana kai saƙonka da amana don ba gadonka yake nema ba. Wannan kuwa kujera ɗaya kuke nema da shi. Ka aiki kura ta kai maka nama kasuwa.”

Na ce, “To Alhaji, in na ce ni ne na gano, za a ce ta yaya. In na faɗi ta yaya, na zama ɓera, a kore ni. In na yi shiru kuma a sallame ni.”

Ya ce, “To tunda ko ta ina gida za ka, ka tafi da gaskiyarka a hannu mana.”

Ina shirin fita idona ya faɗa kan wani ɗan buhu a lungun kantin. Dawa ce, wadda matan Zango ke saya don kunu. Na ce ya auna mini kaɗan. Ya ƙi karɓar komai, ya ce in dai yi abin da zan yi.

Ranar ƙarshe kowa aka ba shi minti goma ya faɗi abin da ya koya. Sauran suka yi ta haska zane-zane a bango. Ni kuwa ambulan biyu na zo da su. Ɗaya dawar Alhaji ce yadda take, ɗayar kuma na kwana da ita a cikin jiƙaƙƙen tsumma na shanya ta sama-sama, a ido ba ka raba su. Da aka kira ni na je gaban Dokta na ajiye. Ɗakin taro ne ba ɗakin gwaji ba, dawar kuma ba ta cibiya ba ce, wannan na tabbatar tun da farko. Na ɗaga kai na kalle ta, karo na farko a wata uku. Ashe idonta ruwan toka ne.

Na ce, “Dokta, don Allah ki ciji wannan, sannan ki ciji wannan.”

Ta dube ni, ta dubi ambulan. Ta ɗauki ƙwaya ta kai baki. Ƙas! Duk ɗakin aka ji. Ta ɗauki ta biyu ta ciza, ba a ji komai ba. Ta tofo ta a tafin hannu ta tsura mata ido, lotsattsiya da shaidar haƙori, irin guntayen ɓeran nan da aka ɗauki hotonsu aka liƙa a allon sanarwa. Na ga lokacin da ta gane.

Ta ce, “Kai ne ɓeran.”

Na ce, “Ni ne, Dokta.”

Wani ya fashe da dariya, ta ɗaga hannu ya haɗiye. Ta tambaye ni yaushe na sani, na ce Laraba. Ta ce wa na gaya wa. Kafin in buɗe baki Tomas ya ce shi ne, fuskarsa ta yi ja. Ban zaci zai amsa ba, wannan ma ya ƙara rikita ni. Na jira ta hau ni da faɗan doka da na masu feshi, sai ta bi ta inda ban tsammata ba.

“Laraba ka sani,” in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. “Juma'a muka sa jaka biyu a sanyi. Mun shuka su don gwaji, jiya muka duba, yawancinsu ba su tsiro ba. Ɗaya daga wani ƙauye take inda tsoho ɗaya ne ya rage yana shuka ta. Tsakanin teburinka da ofishina taku ashirin ne, Nafi'u. Me ya sa?”

Na ce, “A garinmu ba a gaya wa babba kuskurensa. Girmamawa ce.”

Ta ce, “Ni ka girmama, dawar ta mutu.”

Wannan magana ta fi mini mari zafi. Na tuna tsohon nan da ban sani ba, wanda ya ɗebi irin kakanninsa ya ba baƙi amana. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba kunyar da aka koya mini ba ce.

Washegari na tarar da takarda biyu a teburina. Ta farko gargaɗi ce mai zafi kan kai iri baki a ɗakin gwaji, in na sake an sallame ni. Ta biyu ta ce ina cikin ukun da aka riƙe. Tomas ma an riƙe shi, muka yi wata tara muna zama tebur ɗaya, ba aboki ba, ba maƙiyi ba. Na kai wa Alhaji takardun ya karanta, ya ce wannan ƙasa sai su, su mare ka da dama su ba ka goro da hagu. Na koyi ƙwanƙwasa ofishin Dokta, na koyi cewa ban yarda ba, ko da yake duk ranar da na faɗa sai na ji kamar na zagi Inna.

Na dawo gida da damina. Da kaka ta yi, rannan na tarar ana sussukar kaura a bayan gidanmu. Baba yana tsaye, ya tsufa fiye da yadda na bar shi, haƙoransa na gefe sun zube, ya ce a fara ɗurawa a buhu don yana son a gama kafin Juma'a. Aka juye kwarya ta farko, kunnena ya ƙi yarda. Na ɗauki ƙwaya na ciza, ta lotse.

Na waiga neman Baffa Sale, aka ce ya tafi kasuwa, sai yamma. Ga buhu an buɗe masa baki, ga ma'aikata da ƙannena duk suna nan. Na tsaya da dawa a baki, shekara guda ta Hambog tana ce mini yi magana, shekara ashirin da bakwai ta Ɗansoshiya tana ce mini rufe bakinka.

Na ɗebi 'yan ƙwayoyi, na je gabansa na rusuna har ƙasa, kaina a sunkuye, na miƙa da hannu biyu. Na ce, “Baba, ko za a ɗan ciji wannan?”

Ya karɓa. Ya daɗe yana juya ta a baki kafin ya samo haƙorin da zai kama. Na ji shiru, ban ji ƙas ba. Ya tofar, ya dubi masu buhu ya ce, “Ku mayar da ita rana, sai jibi.” Sannan ya ɗora hannu a kaina ya ce, yadda ni kaɗai zan ji, “Bara ba wanda ya miƙo mini. Rabin rumbu muka zubar.”